Gyaran Manhajar Sa Ido kan Diski Idan Ta Tsaya Bayan Sabunta Kwamfuta

Kowane diski na kwamfuta, mai juyawa ne ko SSD, yana riƙe da lissafin lafiyarsa a cikinsa: awowin da ya yi yana aiki, zafin jikinsa, sau nawa wuta ta ɗauke masa ba shiri, da yawan guraben da suka lalace a kansa. Sunan wannan tsari SMART, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera diski ke sa shi a kayansu. Diskin yana rubuta lissafin, amma ba ya faɗa wa kowa sai an tambaye shi. A Linux, manhajar da aka fi tambayarsa da ita ita ce smartmontools, wadda masanin fiziks Bruce Allen ya fara a 2002. Kashi biyu ce. Akwai smartctl, da mutum ke kira da hannunsa ya yi tambaya ya sami amsa nan take. Akwai kuma smartd, da ke tashi tare da kwamfuta, tana leƙa diski duk bayan minti 30, ta yi ƙara idan ta ga abin da bai yi mata ba. Matsayinta matsayin mai gadin rumbu ne. Idan aka wayi gari mai gadi bai zo aiki ba, wannan bai nuna gara ta shiga hatsi ba, amma daga ranar babu mai ba da labari idan ta shiga.

Yawancin kurakuran da ke fitowa bayan an ɗaga babbar manhaja zuwa sabon zubi na mai gadin ne, ko na hanyar da yake bi ya isa ga diski. Kaɗan ne na diskin kansa. Aikin mai gyara shi ne ya rarrabe ukun nan bi da bi, kada ya sayi sabon diski a banza, kada kuma ya kashe manhajar don ta daina damun mutane.

Lamarin ya ƙara yawa tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutoci da dama na ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a Tasawa da Mayahi na hannu ne, sun shigo ta Maraɗi ko Kano, kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wasu an mayar da su Ubuntu ko Debian, waɗanda ke kan Linux tun da kuma an ɗaga su: Ubuntu 20.04 ta ƙare wa'adinta na kulawa kyauta a 2025, Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Ga yanayin wurin kuma ba ya raga wa diski. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙurar hunturu tana toshe fanka, wuta tana ɗaukewa tana dawowa. Jihar Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin lantarkin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka katse wutar Najeriya a Agustan 2023. Kwamfutar da ke ɗauke da rajistar haihuwa ta wata ma'aikatar magajin gari, ko alƙaluman wata cibiyar lafiya a Kanembakashe ko Maijirgi, ko shirye-shiryen gidan rediyon karkara, ba abin da za a bari babu mai sa ido ba ne.

Kafin a taɓa komai

A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani diski na daban. Wannan shi ne mataki na farko ko da an tabbata laifin na manhaja ne, domin sabuntawa aiki ne mai nauyi: tana rubuta dubban fayiloli cikin awa ɗaya ko biyu, kuma diskin da ya daɗe yana lallaɓawa yakan nuna rauninsa a irin wannan rana. Idan ana jin ƙas-ƙas daga cikinsa, ko kwafin yana tsayawa a wuri guda, a dakata da duk wani gwaji. A nemi diski mai girmansa ko fiye, a ɗauke hotonsa gaba ɗaya da ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu wuya.

Sannan a tambayi diskin kai tsaye, ba ta bakin smartd ba. A buɗe tagar umarni a rubuta:

sudo smartctl --scan-open

Za ta jero diskokin da ta gani, irin su /dev/sda ko /dev/nvme0. Sai a bi kowanne da:

sudo smartctl -a /dev/sda

Idan allo ya cika da sunan diski da lambarsa da jerin alƙaluma, to diskin yana magana, hanya kuma a buɗe take, saura smartd. Idan aka sami amsar command not found, ko commande introuvable a kwamfutar da ke kan Faransanci, abu biyu ne. Ko dai an cire manhajar yayin sabuntawa, sai a mayar da ita da sudo apt install smartmontools, wadda nauyinta bai kai megabait ɗaya ba, ko ɗan ƙaramin kati na Airtel ko Zamani ya isa. Ko kuma tana nan, hanyar nemanta ce ta sauya. Tun daga Debian 10 ta 2019, wanda ya shiga matsayin shugaba da su kaɗai ba ya samun umarnan da ke cikin /usr/sbin. Sai ya rubuta su - da ɗan layin nan a gaba. A allon rubutu na AZERTY, ɗan layin yana kan maɓallin 6. Wani lokaci sabuntawa takan mayar da allon zuwa QWERTY, mutum ya yi ta buga a yana ganin q, har kalmar sirrinsa ta ƙi shiga. A duba wannan kafin a zargi wani abu.

Abin da smartd ta ce kafin ta tsaya

A Debian da Ubuntu sunan aikin smartmontools, a Fedora kuma smartd. Umarni biyu ne ke nuna dalilin tsayawarta:

systemctl status smartmontools

sudo journalctl -u smartmontools -b

Na farko yana ba da lambar fita, na biyu yana ba da cikakken bayanin abin da ta faɗa tun da aka kunna kwamfuta. Lambobi uku ne aka fi gani. Lamba 2 tana nufin akwai kuskuren rubutu a fayil ɗin saiti, kuma rahoton yakan faɗi layin da kuskuren yake. Lamba 16 tana nufin an ambaci wani diski a saiti amma ba a same shi ba. Lamba 17 tana nufin ba ta sami ko diski ɗaya da za ta gada ba.

Ta 16 ce ta fi yawa, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Saƙonta yakan fara da Unable to register device, sai sunan diskin. Asalinta shi ne sunaye irin su sda da sdb ba na dindindin ba ne. Linux tana raba su ne gwargwadon wanda ya riga amsawa yayin tashi, kuma tun daga karnel (zuciyar Linux) 5.3 na 2019 ana tambayar diskoki a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, saboda haka wanda yake sdb jiya yana iya zama sdc yau. Ya isa a bar kile na USB a jikin kwamfuta yayin kunnawa, lissafin ya rikice. Tsohon saiti da aka rubuta shekara biyar da suka wuce yana neman /dev/sdb, ya tarar da kile ko ya tarar babu kowa, smartd ta fita gaba ɗaya, har diskin da ke nan lafiya ya rasa mai duba shi.

Maganin ba sauya b zuwa c ba ne, domin gobe za ta sake juyawa. A rubuta ls -l /dev/disk/by-id/ a ga sunayen da aka gina daga samfurin diski da lambarsa ta masana'anta. Waɗannan ba sa sauyawa ko an mayar da diskin wata kafa. A buɗe /etc/smartd.conf, ko /etc/smartmontools/smartd.conf a Fedora, a sa dogon sunan a madadin gajeren. Diskin da ake cirewa ana mayarwa, kamar na waje da ake kulle shi a durowa da yamma, a ƙara masa -d removable, don rashinsa kada ya tsayar da aikin. Ga kwamfutar ofis mai diski ɗaya ko biyu, ya fi sauƙi a bar layin DEVICESCAN shi kaɗai, manhajar ta nemo diskokin da kanta. Sai dai a kula: daga inda wannan kalma ta bayyana, smartd ba ta karanta duk abin da ke ƙasanta. Mutane da yawa sukan rubuta saitinsu a ƙarshen fayil, su yi mamakin yadda bai yi aiki ba.

Akwai kuma tambayar da sabuntawa ke yi a tsakiyar aiki, cewa an taɓa gyara wannan fayil, a bar tsohon ko a sa sabo. Wanda ke gaggawa kada wuta ta ɗauke yakan danna duk abin da ya zo. Babu asara a ko wanne. Idan an bar tsohon, sabon yana gefe da ƙarin .dpkg-dist a sunansa. Idan an karɓi sabon, tsohon yana nan da .dpkg-old. A gwama su da diff, a ɗauko layukan da ake buƙata. Bayan kowane gyara a gwada da sudo smartd -q onecheck, wanda ke karanta saitin, ya duba diskoki sau ɗaya, ya faɗi abin da ya gani a allo, ya fita.

Lamba 17 sau da yawa ba kuskure ba ce. Ƙananan kwamfutocin hannu masu araha suna zuwa da ma'ajiyar eMMC, wadda ke bayyana da sunan mmcblk0, kuma ba ta da SMART irin wannan. Haka kile da katin waya. Kwamfutar da aka gina cikin wata kwamfutar, kamar ta VirtualBox, ita ma ba ta ganin diski na gaske. A irin waɗannan wurare kaɗai kashe aikin ya dace.

Diskin waje

Masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a kasuwa, da masu ɗakin hoto, jarinsu yana cikin diskokin waje ne. Tsakanin irin wannan diski da kwamfuta akwai ɗan guntun lantarki a cikin akwatin, mai fassara harshen USB zuwa na diski, kuma ba kowanne ke barin tambayar SMART ta wuce ba. Idan smartctl ta ce Unknown USB bridge, a gwada gaya mata irin hanyar:

sudo smartctl -a -d sat /dev/sdb

Wannan yana buɗe mafi yawan akwatuna. Na NVMe suna da nasu kalmomin gwargwadon kamfanin guntun: sntjmicron, sntrealtek, sntasmedia, kuma biyun ƙarshe sai a zubi na 7.2 da 7.3 suka shigo. Ubuntu 22.04 tana ɗauke da 7.2, Debian 12 da 7.3, Ubuntu 24.04 da 7.4, smartctl -V tana nuna wanda ke kan kwamfuta. Umarnin update-smart-drivedb, inda yake, yana sauko da sabon jerin diskoki da akwatunan da manhajar ta sani.

Wani lamarin ya fi wannan ɓoyuwa. Diskin da yake ba da rahoto a tsohuwar Linux sai ya yi shiru a sabuwa, ko da an sa -d sat. Dalili shi ne sabuwar tana magana da shi ta hanya mai sauri da ake kira UAS, kuma ga wasu akwatuna, musamman na Seagate, karnel yana toshe tambayoyin SMART a wannan hanya da gangan, saboda an ga suna sa akwatin ya daskare. Ana iya mayar da shi tsohuwar hanya. Umarnin lsusb yana ba da lambobi biyu na akwatin, na Seagate suna farawa da 0bc2. A ƙirƙiri fayil a cikin /etc/modprobe.d/ mai layi ɗaya, options usb-storage quirks= sai lambobin biyu da harafin u, duka a raba su da ɗigo biyu, a gudanar da sudo update-initramfs -u, a sake kunnawa. Saurin kwafi zai ɗan ragu. Ga diski mai juyawa ragin ba shi da yawa, kuma sanin lafiyar diskin da ke ɗauke da abincin gida ya fi wannan ɗan saurin daraja.

Ƙararrawar da ba ta gobara ba ce

Bayan fitowar Debian 12, masu diskin NVMe da yawa sun riƙa samun gargaɗi a kowace kunnawa cewa number of Error Log entries increased, lambar tana ƙaruwa da ɗaya ko biyu. Abin da ke faruwa shi ne sabon karnel yana yi wa diskin wata tambaya da tsohon diski bai san ta ba, diskin ya rubuta cewa an aiko masa da umarnin da bai gane ba, zubi na 7.3 kuma ya ɗauki wannan a matsayin haɗari. Zubi na 7.4, na Agustan 2023, ya daina ɗaga murya a kan irin waɗannan. Hanyar tabbatarwa ita ce a duba layuka uku a rahoton: Critical Warning ya zama sifili, Media and Data Integrity Errors ya zama sifili, Available Spare kuma ya kasance sama da iyakar da aka rubuta a ƙasansa. Idan haka ne, diskin lafiya lau yake.

Haka nan diskokin Seagate masu juyawa suna nuna miliyoyi a layi mai lamba 1 da mai lamba 7 na rahoton smartctl. Salon lissafinsu ne, ba alamar mutuwa ba.

Wanda ya saba duba zafi da hddtemp zai tarar babu ita a Ubuntu 22.04 da Debian 12. An cire ta saboda an daina kula da ita. Madadinta yana cikin karnel tun zubi na 5.6: sudo modprobe drivetemp, sannan sensors. Layi na 194 na smartctl ma yana ba da zafin.

A ɓangaren Windows, masu gyara da yawa sun haddace wmic diskdrive get status. Microsoft ta daɗe da sanar da za ta yi ritayar WMIC, ba ya zuwa a kunne a sabon girkin Windows 11 na 24H2, kuma ɗagawa zuwa 25H2 tana cire shi. A buɗe PowerShell da ikon shugaba a rubuta Get-PhysicalDisk. Idan ana son zafi da yawan lalacewa a haɗa shi da Get-StorageReliabilityCounter. Manhajar duba diski ta CrystalDiskInfo kuwa, idan tsohuwa ta daina ganin diski bayan sabuntawa, yawanci sabon zubinta kawai ake buƙata, daga shafin mai ita, ba daga kilen da ya zaga shaguna goma ba. Idan Linux ce ba ta ganin diskin ciki sam, a leƙa BIOS a ga ko yana kan RAID ko Intel RST maimakon AHCI. Kada a sauya wannan a kwamfutar da har yanzu ke da Windows a gefe ba tare da shiri ba, domin Windows ɗin na iya ƙin tashi.

Idan gargaɗin na gaske ne

Kalmar PASSED da ke saman rahoto ba ta isa shaida ba, domin diski ba ya cewa FAILED sai abu ya yi nisa. Alƙaluman da ke ƙarshen kowane layi su ne abin karantawa. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze, mai dubban diskoki, ya ce layuka biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. Na 5 yana ƙirga guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya. Na 197 yana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa, ana jiran a ga makomarsu. A diski mai lafiya duka biyun sifili ne. Binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, a kan diskoki sama da 100,000, ya nuna cewa diskin da aka kama da kuskuren karatu na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Binciken ya kuma nuna kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba. Saboda haka gargaɗi abin ɗauka da gaske ne, rashinsa kuma bai ɗauke wa kowa yin kwafi ba.

Layi na 199 daban yake. Yana ƙirga kurakuran da suka faru a kan waya tsakanin diski da allon kwamfuta. Inda ƙura ke shiga ko'ina, kuma ake ɗaukar kwamfuta a bayan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, wayar SATA takan saki ko bakinta ya yi datti. A kashe, a zare, a goge, a mayar ko a sauya ta. Lambar ba ta komawa sifili har abada. Abin dubawa shi ne ko ta daina hawa. Layi na 192 a diski mai juyawa, da Unsafe Shutdowns a NVMe, suna nuna sau nawa wuta ta yanke ana cikin aiki. Idan sun kai ɗaruruwa, kuɗin ondila mai riƙe wuta ko gyaran batirin sola ya fi na sabon diski gaggawa, in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Gwaji na ƙarshe diskin ne ke yi wa kansa. sudo smartctl -t short yana ɗaukar kamar minti biyu. -t long yana karanta diskin daga farko har ƙarshe, awa biyu zuwa uku ga mai terabait ɗaya. A fara shi da safe, kafin ɗaki ya ɗau zafi, a lokacin da ake da tabbacin wuta, domin yankewarta tana katse gwajin. Ana ganin sakamako da smartctl -l selftest. Idan ya ce Completed: read failure, ko lambar 5 da 197 suna ƙaruwa daga mako zuwa mako, a sauya diskin.

Mayar da smartd bakin aiki

Saitin da ke zuwa da Debian da Ubuntu yana aika gargaɗi ta wasiƙar imel zuwa ga root. A yawancin ofisoshin karkara babu wanda ke buɗe wannan akwati, kuma sabuntawa takan cire manhajar aika wasiƙar ma, sai rahoto ya cika da ƙorafin cewa ba a sami mail ba. Ana iya mayar da ita da bsd-mailx ko mailutils. Abin da ya fi amfani shi ne a ajiye ɗan gajeren umarni a cikin /etc/smartmontools/run.d/ wanda zai rubuta saƙon da ke cikin SMARTD_MESSAGE a wani fayil da ke kan fuskar kwamfuta, inda sakatare zai gan shi da safe. Sunan wannan umarni kada ya ƙunshi ɗigo, in ba haka ba za a tsallake shi, kuma a ba shi izinin gudana da chmod +x.

Misalan da ke cikin littafin manhajar suna sa gwaji da ƙarfe biyu ko uku na dare, lokacin da kwamfutar ofis a Mayahi take kashe. A mayar da shi rana a cikin smartd.conf: -s S/../../1/10 yana nufin gajeren gwaji kowace Litinin da ƙarfe goma. Don zafi, -W 4,50,55 yana rubuta rahoto a digiri 50, ya yi gargaɗi a 55. Yawancin diskoki masu juyawa iyakarsu 55 ne ko 60. A ƙara -M test na ɗan lokaci, a sake tayar da aikin da sudo systemctl restart smartmontools, a tabbata saƙon gwaji ya iso inda ake so, sannan a cire shi. A tabbatar da systemctl enable smartmontools, a kashe kwamfutar gaba ɗaya a kunna sau biyu, sau ɗaya da kile a jiki sau ɗaya babu, a ga aikin yana tashi a duka biyun. Daga nan a adana rahoton smartctl -x na kowane diski a fayil mai kwanan wata, tare da kwafin smartd.conf, a wani wuri dabam da kwamfutar, domin da su za a gwada alƙaluma a sabuntawa ta gaba.